Fuskar Alhaji Maigandi

Ranar da aka buɗe kulob ɗin wiki a makarantar 'yan mata ta Potiskum, ɗakin kwamfuta bai ɗauki mutane ba. An raba riguna masu tambari, an raba shinkafa a roba, wasu baƙi daga Damaturu sun yi jawabi mai daɗi a kan ilimi kyauta ga kowa, shugabar makaranta ta shiga tsakiya aka ɗauki hoto. Daga nan baƙi suka hau motarsu, shugaba ta koma ofis, aka bar Malama Basira da kulob a hannu. Kafin shekara ta zagayo riguna sun koɗe, 'yan mata kuma sun zame ɗaya bayan ɗaya da suka gane ba kullum ake raba shinkafa ba. Waɗanda suka rage ba su cika benci biyu ba.

Shi dai wiki kundi ne a intanet. Kowa zai iya rubutu a cikinsa, kowa zai iya gyara rubutun wani, kuma ba a biyan kowa ko sisi. Wannan na ƙarshen ne mijin Malama Basira ya kasa ganewa har yau. Mace ta koyar da kwamfuta daga Litinin zuwa Juma'a, Asabar ɗin da za ta miƙe ƙafa ta sake hawa napep daga unguwar Hausari, ta tada janareton makaranta mai tari, ta kunna wa yara datarta, ta dawo da ciwon kai, wai duk don Allah. Shi ya daina tambaya, ita ma ta daina bayani. Gaskiyar magana ta gaji, kuma da ba don yarinya ɗaya ba da tuni ta mayar wa shugaba mukullin ɗakin.

Yarinyar ita ce Munawwara, 'yar aji biyar, siririya mara yawan magana. Sauran yara in an ce su rubuta shafi sai su kwaso na Turanci su juye shi da Hausar da ko su ba sa ganewa. Ita kuwa tambaya take yi, ta nemo jarida ta kafa hujja, ta zauna a kan jimla guda har sai ta miƙe. Ita ta lura cewa shafin kasuwar shanun Potiskum layi uku ne kacal, babu ko hoto.

"Malama, kasuwar da tireloli ke kwana a layi saboda ita, layi uku?" in ji ta. "Garin da ba su da ko akuya ma an rubuta musu fiye da haka."

Ta rubuta shafin, ya yi kyau. Sannan wata Laraba, ranar kasuwa, ta ari wayar Malama ta bi mahaifinta kara, wato kasuwar shanun, ta ɗauko hotonsa. Alhaji Maigandi Auta ne tsaye a bakin rumfarsa, sanda a kafaɗa, hannuwa rataye a kanta, malfa a ka, rawani ya rufe haɓa, bayansa fararen shanu masu dogayen ƙahoni. Hoton ya yi kyau ƙwarai, kuma kyan nasa ne ya jawo duk abin da ya biyo baya.

Malama Basira ba ta yi gaggawa ba, a nan dole a yaba mata. Ta ce ba za a ɗora hoton mutum ba sai da yardarsa, ta tashi takanas ta je gidan su Munawwara a unguwar Dogo Nini. Alhaji Maigandi Bafillatani ne da iyayensa suka yi kiwo a dajin Nangere, shi ya shigo gari ya zama dillalin shanu. Ba ya karanta boko, amma yana sauraro da kyau.

"Baba, in muka ɗora shi, ya fita hannunmu," ta ce masa. "Kowa a duniya zai iya ɗauka ya yi amfani da shi, ba sai ya tambaye mu ba."

"To sayarwa kuka yi ke nan?"

"A'a, Baba."

"Aro ne?"

"Ba aro ba ne, don ba a dawo da shi." Ta lalubi yadda za ta fassara masa lasisi, wato ƙa'idar da ake sakin hoto a kanta. "Kamar sadaka ce mai gudana. Kamar mutum ya haƙa rijiya a bakin hanya, duk wanda ya zo wucewa ya sha."

Fuskarsa ta washe. "Yawwa, yanzu kika yi magana. In sadaka ce, Allah Ya karɓa."

Ta fito tana jin daɗin wannan fassara tata, har ta riƙa maimaita ta ga yara. Aka ɗora hoton, Munawwara ta rubuta a ƙasansa: Alhaji Maigandi Auta, dillalin shanu a kasuwar Potiskum.

Sai an san aikin dillali za a gane girman abin da ya faru. Mai saye daga Legas ko Fatakwal bai san makiyayin da ya kawo saniya ba, bai san daga wane daji ta fito ba. Maigandi ya sani. In ya ce wannan saniya tana da asali, ba ta sata ba ce, sai a loda ta a tirela ba tare da wata takarda ba. Ba shi da garke, ba shi da shago. Fuskarsa ce jarinsa, ita yake kaiwa kasuwa duk Laraba.

Bayan 'yan watanni, wata Asabar, Munawwara ta shigo a makare. Ko gaisuwa ba ta yi daidai ba, ta miƙa wa Malama wata tsohuwar waya. Wani shafin labaran gulma ne na Turanci, irin waɗanda ba a san mai su ba. Kanun labarin na cewa ana neman shugaban wasu ɓarayin shanu a wata jiha mai nisa. A ƙasan kanun ga Alhaji Maigandi da sandarsa da malfarsa. Ba sunansa, ba sunan mai hoto. Wani malalaci ne ya nemi hoton Bafillatani da shanu, ya ga wannan ya fi kyau, ya ɗauka.

"Yana guruf ɗin dillalai na waya tun ran Talata," in ji Munawwara. Mahaifin nata Baffa take ce masa. "Baffa ya je kara ran Laraba, ya dawo kafin azahar."

Malama Basira ta miƙe. Ta kashe janareto, ta sallami sauran yaran, suka hau napep ita da Munawwara.

A gidan ta tarar da mutum uku. Ahmadu, ƙanin Alhaji, yana kai-kawo a tsakar gida. Gogo, yayarsu wadda ta goyi Munawwara tun tana jaririya, tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta ta haɗe rai. Shi kuwa Alhaji yana kan buzu da carbi, kamar ba da shi ake ba.

Ahmadu bai bari ta gama sallama ba. "Ke ce malamar? Kun ga abin da kuka jawo? Mutum ya shekara talatin a kara ba a taɓa kama ko bunsurun sata a rumfarsa ba, yau yaran mota na ce masa Kacalla!"

Kacalla a ƙasar nan da can sunan girma ne. 'Yan daji ne suka ɗauka suka ɓata shi, har ya zama abin da ake jifan mutum da shi.

"Kowa a kara ya san ba shi ba ne," Ahmadu ya ci gaba, "amma mutanen kudu fa? Biyu sun bugo suna kame-kame. Ku cire hoton nan. Yau!"

"Yarinya kuma ta gama zuwa Asabar," in ji Gogo, "sai ran da aka ciro fuskar ubanta daga cikin abin nan. Kin ji ni, 'yar nan?"

Malama Basira ta durƙusa gefen buzun. "Baba, ka yi haƙuri."

Ya ɗago ya dube ta. Ba fushi a idonsa, kuma da fushin ne da ya fi mata sauƙi. "Malama," ya ce a hankali, "ai kin ce sadaka ce."

Maganar ta soke ta. Ta ji kamar ya ce mata, ga inda daɗin bakinki ya kai ni. Kunya ta rufe ta, ta yi saurin cewa, "Zan cire shi, Baba. Na yi maka alkawari." Ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, ya dubi Ahmadu, ya dubi hijabinta mai tsabta da takalminta na makaranta, sai ya mayar da kansa kan carbi.

Daga nan wahala ta fara. Ta rubuta wa masu shafin gulmar, shiru. Ta sake rubutawa da Turanci mai zafi, shiru. Kafin mako ya ƙare wasu shafukan sun kwafe labarin da hoton, kowanne da adireshin da ba ya amsawa. Ta ga ba za ta iya bin su ɗaya-ɗaya ba, sai ta koma tushe, ta nemi a goge hoton daga wiki.

Wanda ta sani a can shi ne Malam Yunus, ɗaya daga cikin masu kula da wikin Hausa, ma'aikacin jinya ne a Kano. Ba su taɓa haɗuwa ba, sai dai saƙon murya, kuma duk saƙonsa da kukan jarirai a bayansa.

"Malama, wallahi yanzu na sauka daga aiki," in ji shi. "Kin ga, rumbun hotuna daban yake da namu na Hausa, na duniya ne gaba ɗaya. Kuma kin san lasisin nan ba a janye shi. Amma tunda abin yana cutar da mutum mai rai, za mu roƙi alfarma. Sai dai fa muhawara za a yi, kuma da Turanci."

Aka yi muhawara kuwa. Wani daga wata ƙasa ya ce a kawo hujjar cewa mutumin ya cutu. Wani ya ce laifin masu shafin gulma ne, su ya kamata a bi. Wata ta ce hoton yana shafuka na harsuna da dama, shi ne mafi kyawun hoton dillalin shanu da suke da shi, asara ce a goge. Ba wanda ya yi rashin kunya a cikinsu, kowa da hujjarsa, kowa kuma sai ya taso daga nasa aikin yake leƙowa. Amsa ɗaya takan kwana biyu kafin ta zo. Malama Basira ta riƙa amsa musu tsakanin darasi da darasi, a ɗakin malamai, tana cin gyaɗa a madadin abincin rana. Wani lokaci ta rubuta dogon bayani, sabis ya ɗauke, ta sake daga farko.

Shugabar makaranta ta kira ta sau ɗaya. Ba ta tambayi lafiyar Alhaji ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Malama Basira, ko me za ki yi, kada sunan makaranta ya fito." Iyaye kuwa labari ya kai musu cewa a kulob ɗin nan ake mayar da uban mutum ɓarawo, sai benci biyu ya koma rabin benci. Ran Asabar takan tada janareto saboda yara biyu, su ma rabin hankalinsu na kan kallon kayan kwalliya.

Laraba ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Daga ajin da take koyarwa ana jin tireloli na nishi a kan titi, warin shanu na shigowa ta taga. A da ko a jikinta. Yanzu duk tirelar da ta wuce sai ta ji kamar ita ake tuna wa alkawari.

Wata Larabar Munawwara ta tare ta a baranda bayan darasi.

"Malama, yau ma Baffa bai je ba."

"Ina kan yi, Munawwara. Jiya ma na amsa musu. Saura kaɗan."

"Malama, da za ki…" Yarinyar ta ciji leɓe, ta dubi ƙasa.

"Da zan me?"

"Ba komai, Malama."

Malama Basira tana da wani ajin na jiranta, kanta na sarawa, ba ta matsa ba. Ta dafa kafaɗarta ta wuce.

Damina ta kusa tsayawa sannan Malam Yunus ya bugo, wannan karon kira ne ba saƙo ba.

"Malama, albishirinki. Sun yarda. An ce in mai fuskar ya tabbatar yana so, a goge." Ya yi hamma, ya nemi afuwa. "Amma bari in gaya miki wani abu, don kada ki ce ban faɗa ba. Yanzu duk wanda ya bi sawun hoton nan a intanet, yana iya isowa wurinmu ya ga sunan dattijon da sana'arsa da ranar da aka ɗauka. In muka goge, na wurinmu ne kaɗai zai tafi. Na masu gulmar suna nan daram. Wato inda aka faɗi gaskiya a kansa ne za mu rufe."

"Malam Yunus, yanzu kake gaya mini wannan?"

"Wallahi ni ma jiya abin ya faɗo mini, ina cikin ba wa wani magani. Ki yi haƙuri. Ki tambaye shi dai."

Ta ajiye wayar. Ta so ƙwarai ta ce masa ya goge kawai, ta je ta ce wa Gogo an cire, a ba ta ɗalibarta, kowa ya huta. Ba wanda zai san bambanci a gidan nan. Amma ita ce ta ce ba a ɗora hoton mutum sai da yardarsa, to ba ta ga yadda za ta goge shi ba da saninsa ba. Bayan la'asar ta ja ƙafa zuwa Dogo Nini.

Ta same shi a bayan gida yana zuba wa wata 'yar maraƙa dusa. Ya rame, rawanin ya yi masa yawa. Gogo ta shimfiɗa mata tabarma ba tare da fara'a ba. Munawwara na tsaye a bakin madafa, ba ta matso ba. Ita ce 'yar fari, a al'adarsu uba ba ya kiran sunanta, ba ya zama hira da ita, in zai yi maganarta sai dai ya ce yarinyar Gogo.

Malama ta faɗa masa komai, har da abin da Malam Yunus ya ce. Ya saurara har ta gama, yana goge dusa daga hannunsa.

"Karanta mini abin da ke ƙasan hoton a wurinku," ya ce.

Ta buɗe waya ta karanta. "Alhaji Maigandi Auta, dillalin shanu a kasuwar Potiskum. Mai ɗaukar hoto, Munawwara Maigandi."

Da ta ambaci sunan sai ya kawar da kai gefe, kamar yadda ya saba, amma ta ga gefen bakinsa ya motsa.

"To, Malama, wa ya ce ki cire?"

Ta dube shi sororo. "Baba, ai kai ka ce… ka ce mini, ai kin ce sadaka ce."

"Eh, na ce. Ahmadu na ta ihu a cire, a cire, shi ne na tuna miki. Abin da mutum ya bayar sadaka, ya kuma bi shi ya karɓo? Ubana ya haƙa rijiya a hanyar Nangere. Mahajjata sun sha, ɓarayi ma sun sha, mun sani. Har ya rasu bai je ya cike ta ba." Ya girgiza kai. "Ni cewa na yi kada ki wahalar da kanki. Sai na ji kin yi alkawari a gaban mutane, to ba zan ƙaryata ki a gaban ƙanena ba."

Malama Basira ta ji duk makonnin nan sun sauko mata a kafaɗa lokaci guda. Duk Turancin da ta zuba, duk gyaɗar da ta ci a tsaye.

"To Baba, me ya hana ka komawa kara?"

Gogo ce ta amsa daga inda take, cikin Hausarta mai ɗaurin Fillanci.

"A kara, 'yar nan, in an ɓata mutum, ba a waya ake wanke shi ba. Sarkin dillalai ke tara mutane bayan azahar, wani ya tashi tsaye ya ce ni na san asalin maganar nan, ga yadda aka yi. Shi ke nan, an rufe, wanda ya sake tsokana a ci shi tara. Amma ba a karɓar bakin ɗan'uwa, ba a karɓar na 'ya. Sai bare wanda abin ya bi ta hannunsa."

Sai bare wanda abin ya bi ta hannunsa. Duk garin Potiskum mutum ɗaya ne haka, kuma tana zaune a kan tabarmar nan.

"Inna lillahi. Baba, me ya sa ba ka faɗa mini ba? Awa ɗaya ce fa! Napep ɗaya ce daga makaranta!"

"Haba Malama." Ya yi ɗan murmushi. "Matar mutane, malamar makaranta, in ce ki shigo kara cikin maza da kashin shanu ki tsaya kina rantsuwa saboda ni? Da wane bakin? Ita ma yarinyar Gogo ta so ta faɗa miki, na aika mata cewa in ta yi ban yafe ba."

Malama ta waiga. Munawwara ta juya musu baya tana kallon bango, kafaɗunta na motsi.

"Zan je wannan Larabar," in ji Malama. "Wallahi zan je. Da hoton, da shafin, da komai."

"Allah Ya yi miki albarka. Amma ki bari." Ya faɗa ba da ɗaci ba, kamar mai ba da labarin ruwan da aka yi bara. "Da a Larabar farko ce, ko ta biyu. Mai saye ba ya jira, Malama, tirela ba ta kwana saboda mutum ɗaya. Mutanena na kudu sun kama wasu, makiyayan da ke sauka wurina Ahmadu ya riƙe su, na bar masa rumfar. Sunan kuma ya riga ya zauna, har yaran layin nan. In kika je yanzu, tada maganar kawai za ki yi, waɗanda suka manta su tuna." Ya shafa wuyan maraƙar. "Kuma na gaji. Ban san na gaji haka ba sai da na zauna."

Malama ta zo da shirin a yi mata faɗa ko a gode mata, ba ta samu ko ɗaya ba. Baƙin ciki ya cika ta, na shi da na kanta, har da haushin wannan kunya tasu da ta fi ƙarfin cikin mutum.

"A bar hoton inda yake," ya ce. "Ko ba komai, akwai wuri ɗaya da aka san ni ba ɓarawo ba ne." Sannan ya ɗaga murya kaɗan, yana kallon yayarsa. "Gogo, ki gaya wa yarinyarki ta koma wurin malamarta ran Asabar. Akwai gyara a rubutun nan. Kun ce ba a barin abin da ba daidai ba a ciki, ko?"

"Haka ne, Baba."

"To a gyara."

Ran Asabar janareton ya ƙi tashi sai da Malama Basira ta ja shi har hannunta ya yi ja. Yaran nan biyu ma ba su zo ba, ɗaya wai biki, ɗaya ba labari. Ta aika wa Malam Yunus cewa a rufe muhawara, mai fuska ya ce a bari. Ya amsa da kalma ɗaya, "Toh," ga alama yana bakin aiki.

Munawwara ta shigo ta gaishe ta, ta zauna a gaban kwamfutar da ta fi sauran lafiya. Ta buɗe shafin kasuwar shanu, ta gangara zuwa hoton. Yana nan yadda yake, sanda a kafaɗa, fararen shanu a baya, mutum a bakin rumfarsa. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta danna gyara, ta kai alamar rubutu gaban kalmar dillalin, ta ƙara kalma ɗaya. Alhaji Maigandi Auta, tsohon dillalin shanu a kasuwar Potiskum.

A ƙasa akwai ɗan akwatin da ake rubuta dalilin gyara. Malama Basira ce ta koya musu cewa kada su taɓa barinsa fanko, don wanda zai zo bayansu ya san me ya sa. Tana tsaye a bayan yarinyar, ta so ta ce mata yau dai ki bar shi, amma ta ƙyale ta.

Munawwara ta rubuta: Ya daina zuwa. Ta danna wallafa, ta naɗe hannuwanta a cinya, suka zauna suna jin tarin janareto.